Butar da Ake Jin Kunyarta

Kafin komai, baiwar Allahn da ta rubuta a ƙarƙashin hotona cewa "wayyo kumatu, kamar in ciza," na gani, kuma Allah ya shirye ki. Shekarata ashirin da bakwai. Ina da babbar difloma a zanen kayan masana'anta. Ba a cizona.

Ga sababbin zuwa shafin nan, sunana Mansura, haifaffiyar Gumel, kuma Allah ya jarrabe ni da fuskar jarirai. Goshi fankeke, idanu dara-dara, hanci ɗan mitsitsi, kumatu kamar na ɓoye ƙosai a ciki. Tsawo kuwa, kada ma mu tayar da maganar. Kuna ganin abin sha'awa ne ko? To ku zo ku zauna a ciki ku ji. Ranar da na je karɓar takardar gama karatuna, ma'aikacin ofishin ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ki ce wa yayar taki ta zo da kanta." A motar haya an sha cewa wata ta ɗora ni a cinya don a sami wuri. A gidan biki tsofaffi alawa suke miƙo min. In na yi fushi dariya ake yi, a ce, "Ji yadda ta turo baki." Ku gaya min, ina mutum zai kai fushin da ba mai tsoronsa?

Shi ya sa ranar da malaminmu ya tsaya gaban allo yana bayanin cewa zuciyar ɗan Adam narkewa take da kanta in ta ga babban kai, manyan idanu a ƙasa-ƙasa, da jiki ɓul-ɓul marar kusurwa, wai don haka masu ƙera motoci da tukwanen lantarki suke ba su kamannin yara domin a saya, ni ko biro ban ɗauka ba. Duk ajin suka juyo suna kallona. Na ce a raina, malam, kai a littafi ka karanta, ni a ciki aka haife ni. A ranar na ƙudura: tunda fuskar nan ta hana a ɗauke ni babba, to sai ta ciyar da ni.

Aiki na samu a wani ɗan kamfanin roba a Maigatari, na Alhaji Barau. Bokiti, kofi, faranti, buta, a loda a manyan motoci a tsallaka da su Damagaram. Kullum da sassafe ina tashar Gumel da jakata a kafaɗa, a cusa ni tsakanin buhun zoɓo da wata mai goyo, in sauka hijabina yana ƙamshin man mota. Ni kaɗai ce mace a wurin. Ma'aikata suka raɗa min Autar Kamfani. Wata uku na farko ba wanda ya tambaye ni zane, sai dai ko na iya dafa shayi. Na iya, amma na ce ban iya ba.

Sai na zana buta.

Kun san butar gidanku. Dogon wuya, dogon hanci, ta tsaya ƙerere kamar shugabar makarantar kwana. Tawa kuwa na gutsure mata wuya, na kumbura mata ciki, na yi mata ɗan guntun hanci mai kallon sama. Sai na yi kwarmi biyu zagayayyu, ɗaya a kowane gefen hancin, a ƙasa-ƙasa, na sa aka yi musu baƙi. Na ce wa Alhaji wurin ɗora yatsa ne in hannu yana da santsin sabulu. Gaskiya ne, ana ɗora yatsan. Amma ni da Allah mun san abin da nake yi. Ban yi mata baki ba, ban yi mata gashin ido ba, don kada wani ya taso min da wa'azi. Ni ban zana fuska ba. Mutane ne suka gan ta.

Kuma sun gan ta, jama'a! Ranar Alhamis ɗin da aka fara fitar da ita kasuwar Maigatari, ruwan ƙwai, ruwan hoda, kore shar, na ga ƙaton dillalin shanu da rawani ya ɗauki ɗaya ya ce, "Kai, 'yar lele!" ya rungume ta a hammata ya tafi. Sunan ya bi ta. Kafin la'asar babu ko ɗaya. 'Yan Nijar suna ta kiran waya. Ma'aikatan da ke aikena shayi suka fara ce min Injiniya. Na dawo Gumel ranar ina tafiya kamar ni na shimfiɗa kwaltar.

Ya kamata ku san abin da ya sa butar nan ta fi ƙarfin buta a wurina. Lokacin da zan fara aiki, Inna da 'yan'uwanta suka ce mace ba ta yawon bakin iyaka kullum. Baba, tsohon malamin firamare ne mai magana ɗaya, ya yanke hukunci: "Muddin aikin yana bukatarta, ba mai zaunar da ita. Ranar da ya daina bukatarta, ta dawo ta saurari uwarta." Abin da uwata take son in saurara kuwa sunansa Zayyad.

Kada ku yi zaton mugu ne, da abin ya zo min da sauƙi. Zayyad ɗan Sule Tankarkar ne, yana fataucin riɗi da zoɓo. Dogo, mai wushirya, shaddarsa kullum kamar yanzu aka kwance ta daga leda. Ba wanda ya tilasta min shi, ni na ba shi lambata da hannuna a bikin wata ƙawata. Kuma ina son sa, ga shi na faɗa, kowa ya huta. Matsalarsa ɗaya ce. Ku karanta saƙonsa na kowace safiya:

"Barka da asuba 'yar tsanata. Kin tashi lafiya? Kada ki bari rana ta taɓa min kumatun nan."

Sai hoton ɗan kyanwa a cikin kofi. Wani lokaci jariri da hular saƙa. Mutum mai loda tirela guda ta riɗi, wallahi.

Tsarinsa a bayyane yake, bai taɓa ɓoyewa ba. In an yi aure, Maigatari ta ƙare. "Ke ba ta wahala ba ce, Mansura. Zan sa miki sola, fanka ba za ta tsaya ba. Ki zauna ki yi ta zanenki a ɗaki, in dawo in gani in ji daɗi." Ni kuwa kullum amsata ɗaya: kamfani yana bukatata. 'Yar Lele ce hujjata.

To hujjar ce ta fara yoyo.

Alhaji Barau ya kira ni ofis wata safiya. A gabansa ga Kande, dillaliyar da ke shiga da kayanmu gida-gida daga Gumel har Gagarawa, ta zauna ta baje zani tana cin goro.

"Injiniya ƙarama," in ji Alhaji, "butarki ta tsaya."

"Ta tsaya kamar yaya, Alhaji? Ba ita ake rububi ba?"

"An yi rububin, an gama. Wanda ya saya bai dawo ba. Kande, gaya mata."

Kande ta gyara zama. "'Yar nan, wa zai dawo? Buta ai sai ta fashe ake sayen wata. Taki kuwa me zai fasa ta? Amare a kwabet ɗin gilashi suke jera ta, tsakanin tangaran. Akwai wata Hajiya a Gagarawa, hula ta saƙa mata. Wata kuma jikarta ce take goya ta."

"Amma ai buta ce. Ba sa shiga bayi da ita?"

Kande ta dafe ƙirji har goron ya kusa sarƙe ta. "Bayi? Wannan baiwar Allahn? Ke ba ki da tausayi? Ta zuba miki idanun nan, ke kuma ki tsuguna?"

Alhaji ya kau da kai yana tari.

"Ko masallaci ma," ta ci gaba, "wani ladani ya dawo min da guda shida. Ya ce in an jera su a wurin alwala samari dariya suke yi, dattawa kuma sai su tsaya jiran tsohuwar butar."

Alhaji ya ce, "Kin ji. Mu cinikinmu a kan abin da ake aiki da shi yake: rana ta busar, akuya ta taka, yaro ya jefar, a dawo. Abin ado sau ɗaya ake saya. In kasuwar Alhamis mai zuwa ta ci ba ki kawo gyara ba, zan sa a mayar da tsohon ƙarfen zubi. In kuwa an koma tsohuwar buta, ni ban san me zan yi da mai zane ba."

Bai faɗa da mugunta ba. Har alawa ya tura min a kan tebur. Ban ɗauka ba.

A mota ina ta cewa ƙarya ne, Kande ce da ƙarin gishiri. Ina shiga gida idona ya sauka a kan talabijin ɗin falon Baba. Ga ta nan. 'Yar Lele ruwan ƙwai, wadda na kawo masa da hannuna, zaune a kan ɗan ƙyallen saƙa kamar baƙuwa daga Makka. Kullum ina wuce ta, ban taɓa tambayar kaina me take yi a can ba.

A tsakar gida kuwa Baba ne yake ta dube-dube, hannun riga a naɗe.

"Wa ya ɗauke min butata?"

Butar tasa wata tsohuwa ce shuɗiya da ta ga mulkin soja, an ɗaure tsagewarta da robar tiyub, tana zubar da rabin ruwan kafin a kai ƙofar bayi.

"Baba, ga sabuwa can a falo."

"Bar ta nan."

"Me ya sa?"

"Na ce ki bar ta."

"Baba, don Allah. Aikina ne. Me ta yi?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Tana kallona."

"Baba!"

"Na gwada, Mansura, kada ki ce ban gwada ba. Na shiga da ita sau ɗaya. Na juya ta ta fuskanci bango, sai na ga kamar na sa ɗalibi horo ba laifin komai. Na fito da ita na ba ta haƙuri."

Inna tana bakin murhu tana tankaɗe, ta yi dariya har garin ya tashi. "To alhamdulillahi. Butar ma ta fi ki hankali, ta san darajar zaman ɗaki."

"Inna, wannan ba abin dariya ba ne."

"Wa ya ce dariya nake? Af, na manta. An aiko daga Sule Tankarkar. Bappa Cindo, wan mahaifin Zayyad, yana son su zo gaisuwa ranar Juma'a. Kin ga abin ya zo daidai. Alhamis a sallame ki, Juma'a a karɓe ki."

Uwata ke nan. In ta soka maka magana, sai ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari bayan la'asar Zayyad ya zo zance. Na shirya masa shirin yaƙi. Atamfa baƙa mai ratsin ruwan toka, ɗaurin ɗankwali mai tsini irin na manyan mata, kwalli na ja shi har gefe, takalmi mai dunduniya, da tabaran da ba na komai ba ne sai na neman girma. Na shiga zaure ina taku ɗaya-ɗaya, na zauna a bakin darduma ban yi murmushi ba.

Ya kalle ni sama da ƙasa, wushiryar ta bayyana. "Tabarkalla. Kamar yarinyar da mamanta ta tafi unguwa ta buɗe mata akwati."

Kun gani ko? Kun ga abin da nake fama da shi?

"Zayyad, ina butar da na ba ka?"

Ita ce ta farko da ta fito daga injin, kore shar, da ɗuminta na naɗe ta a hijabi na kawo masa.

Fuskarsa ta washe. "Kin ga kuwa kamar kin sani." Ya zaro waya yana latsawa da sauri, ya miƙo min. "Dubi. Kafinta na sa ya yi mata."

Masu karatu, akwati ne na gilashi. A ɗakinsa, saman firji. Butata tana ciki a kan ƙyallen karan-miski ja, an ɗaura mata ribom a wuya. Har da ɗan ƙwan lantarki a sama.

"Ko ƙura ba ta taɓa ta ba," ya ce yana alfahari. "Ruwa kuwa ko ɗigo. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalla. In ce musu, wadda zan aura ce ta yi ta, kuma kamarsu ɗaya."

Na daɗe ina kallon hoton. Da sola, fanka ba za ta tsaya ba. Har na hango inda zai sa min nawa ƙwan lantarkin.

"Ka san wata nawa na yi ina gyara hancin nan don ruwa ya sauka siriri ba ya fantsama?"

"Na san kin sha wahala, shi ya sa nake tattalinta."

"Ka taɓa ganin yadda yake sauka?"

"Haba, kyautarki ce fa."

"Buta ce."

"Amma ki kalle ta mana, 'yar tsanata. Wa zai iya..."

"Me aka yi ta don shi, Zayyad?"

Ya sosa ƙeya. "To... alwala."

"Da me?"

"Mansura, a zauren Baba muke."

"Da me?"

"Da... sauran abubuwa."

Na cire tabaran, don sun fara matse min hanci. "To ka ji. Ka gaya wa Bappa kada ya ƙona mansa ranar Juma'a, sai butar nan ta shiga bayi ta yi aikin da aka yi ta dominsa. Ka fito da ita daga gilashin nan, ka cika ta da ruwa, ta jiƙe, ta karce, ta faɗi a siminti. In ba za ka iya ba, ka riƙe ta, ta ishe ka. Ba ta magana, ba ta zuwa Maigatari."

Ya fara dariya. Ni ban yi ba. Ya ci gaba shi kaɗai, dariyar tana raguwa, har ta mutu a maƙogwaronsa. A tarihin rayuwata, ranar ce ta farko da na ɓata rai wani ɗa namiji ya daina dariya. Da ba don a zauren Baba muke ba, da na yi guɗa.

Ya tashi, ya gyara hula, ya ce, "A gaida su Inna." Ko rakiya ban yi ba.

Daga nan wayata ta yi shiru. Ba ɗan kyanwa, ba jariri mai hula. Na ce madalla, na huta. Ƙarya nake. Ina idar da sallar asuba hannuna yake kai kansa ƙarƙashin filo. Inna ta daina yi min magana sai ta bakin tukunya: "Wasu dai sun kori arzikinsu saboda roba." Ƙannen Inna suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya, kowace da tarihin wata mai taurin kai da ta tsufa a gidan ubanta. Na ce musu gidan ubana yana da inuwa.

A kamfani kuma na yi ta fama. Na goge kwarmin gaba ɗaya, ta koma kamar ƙwan jimina mai hanci, Kande ta ce ko kyauta ba ta ɗauka. Na ƙanƙance su, ta zama kamar mai mugun nufi. Na matsar da su sama, ta tsufa nan take, ta koma kamar wata gwaggona da ba na son ambata. Da idon, ana son ta ba a aiki da ita. Ba idon, ba mai ko kallonta. Ma'aikata suka koma kirana Auta. Wani ma ya tambaye ni ko har yanzu ban koyi dafa shayin ba.

Ranar Laraba da safe ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi, na riga na fara tunanin yadda zan kwashe kayana daga ofis ba tare da kowa ya ga idona ba, sai wayar ta yi ƙara.

Zayyad. Hoto.

Siminti jiƙaƙƙe, ƙofar langa-langa, silifas a gefe. Ga butata kore shar a ƙasa, ruwa yana ɗiga daga hancinta, da ƙaton karce a ciki. Ribom ɗin babu. Amma an naɗe mata idanu da farin hankici, an ƙulle ta baya tamau, kamar wadda aka yi garkuwa da ita.

A ƙasa ya rubuta: "Ta fara aiki. Amma wallahi sai da na ɗaure mata ido. Kada ki yi dariya."

Wani saƙon ya biyo: "Ruwan yana sauka siriri. Ban sani ba."

Na yi dariyar. Na yi ta har na zauna a bakin gado, kwallina ya zubo. Inna ta leƙo ta ce ko aljanu ne. Sai a tsakiyar dariyar wani abu ya tsaya min a kai. Na sake buɗe hoton. Na ƙara girmansa.

Na zare robar da na ɗaure gashina da ita, irin mai faɗin nan baƙa, na fita da gudu ba takalmi. Na sauko da 'Yar Lele daga kan talabijin, na zura mata robar ta zauna a goshi kamar ɗankwali. Na ja ta ƙasa: idanu sun rufe. Na tura sama: ga su. Na cika ta da ruwa.

Baba yana kan tabarma yana sauraron rediyo.

"Baba, riƙe. In za ka shiga, ka ja mata ɗankwalin ƙasa."

Ya kalle ni, ya kalle ta. Ya sa babban yatsa ya ja. Ya tura sama. Ya sake ja. Sannan ya miƙe, ya saɓa babbar riga, ya nufi bayi da ita. Ni da Inna muka tsaya a tsakar gida kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Da ya fito, ya ajiye ta a gindin bishiyar darbejiya, ya sunkuya ya ɗage mata ɗankwalin, ya ce, "Sannu."

Da butar yake.

Motar farko na bi. Na shiga ofishin Alhaji Barau ko sallama ban ƙarasa ba, na dire masa ita a tebur. Dattijo mai jikoki ya zauna yana ja yana turawa, yana ja yana turawa, har shayinsa ya huce.

"Wannan ɗankwalin, za a iya yin sa kala-kala?"

"Kowace kala, Alhaji. Kuma yara za su cire su jefar."

"Sai a dawo a nemi wani." Idonsa ya yi haske. "Ita ma in ta fara shiga bayi za ta fara fashewa."

"In sha Allahu," na ce. Ban taɓa zaton zan yi wa abin da na ƙera addu'ar fashewa da zuciya ɗaya ba.

"Injiniya, wa ya ba ki wannan dabara?"

Injiniya. Babu ƙarama. Na gyara tsayuwa na ce, "Wani kwastoma ne ya nuna min hanya."

Kwastoma. To me kuke so in ce? Mutumin da na kora daga zaure ne ya ceto min aikin da yake son in bari, da hankicinsa, bai ma san ya yi ba. A motar dawowa na rubuta masa "na gode" na goge. Na rubuta "ka ci jarrabawa" na goge, don bai ci ba tukuna. Ya bar buta ta yi aiki, na yarda. Amma sai da ya ɗaure mata ido. A ƙarshe na tura masa: "Ni fa ba a ɗaure min ido."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Har muka shigo Gumel bai turo komai ba.

Da yamma Baba ya kira ni, Inna tana gefe ta kasa kunne tana yi kamar tsintar shinkafa take.

"Alhaji Barau ya kira ni," ya ce. "Aiki yana bukatarki. Maganata tana nan. Saura mutanen Sule Tankarkar, suna jiran amsa. Su zo ko kada su zo?"

Tsintar shinkafa ta tsaya cak.

"Su zo, Baba."

Inna ta ɗaga hannu sama za ta fara godiya.

"Amma kai za ka gaya musu, a gaban kowa, cewa motar Maigatari ba ta daina ganina ba. Kafin aure da bayansa. In Bappa ya amsa, Zayyad ya amsa da bakinsa, shi ke nan."

"In suka ƙi fa?" in ji Inna. "Kin san Bappa Cindo kuwa? Mutumin da aka ce ko a ranar sallah ba a ga haƙorinsa ba?"

"Sai su sha fura su koma."

Baba ya shafa gemu, ina ganin yana danne wani abu a gefen bakinsa. "Zan faɗa. Akwai saura?"

"Saura ɗaya. Ranar Juma'a a kwashe duk butocin gidan nan a kulle a ɗakin ajiya, har da shuɗiyarka. 'Yar Lele kaɗai za a bar wa baƙi."

"Da ɗankwalinta dai ko?"

Na buɗe jakata, na jefa robar ciki, na ja zif.

"Ɗankwalin yana wurina sai na ji amsa. Fura kuwa, Inna, ki bar min. Ni zan dama musu, mai sanyi, ƙwarya biyu."